Katin da ke kallon arewa

Litinin, da hantsi

Katin ya iso. Direban motar Damagaram ya miƙo min shi ta taga a naɗe cikin tsumma, ya ce mai aikowa ya ce kada ya sha rana. Na kwance na duba. Ɗan abu ne kore, tafin hannuna ya fi shi faɗi, da baki ɗaya inda waya ke shiga. Wai rashin wannan ne ya hana makiyayan arewa jin rediyonmu tun da tsawa ta faɗa mana a tsakiyar damina.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kaina ya fi ganin abu in yana kan takarda. Mutanen Tanout suna jin mu kai tsaye daga dogon ƙarfen da ke tsakar gidan rediyo, ba ruwansu da kwamfuta. Arewa kuwa sai ta hannun sarba, babbar kwamfutar da ke ɗakin baya. Kati biyu ne a cikinta. Na ɗaya yana magana da kwamfutocin situdiyo, yana karɓar sauti yana ba su waƙoƙin da aka ajiye. Na biyu yana tura sautin ta waya zuwa faifan da ke saman ƙarfe, faifan ya jefa shi kan wani tudu a hanyar Tenhya, inda muke da 'yar tasha mai aiki da hasken rana. Tashar tana fara watsawa da la'asar sakaliya ta rufe bayan isha'i, lokacin da bisashe suka dawo kowa ya zauna. Na biyun ne tsawa ta ƙone.

Ƙanena Rissa yana da rediyo. Ni na saya masa, a jikin sirdi yake rataye shi.

Anna, haka muke kiran mahaifiyarmu Tata, ta rako ni har ƙofa da safe, ta ce, "Nafisatu, yau za a ji ku can?" Na ce in Allah ya yarda. Ba ta kira sunansa ba, ni ma ban kira ba. Haka muke yi a gidan yanzu.

Litinin, bayan la'asar

Na buɗe cikin sarba, na soka katin a gurbinsa, na ɗaure, na kunna. Shiru kake ji. Fitilarsa ba ta kama ba, sarba kuma ta nuna ba ta ma san an yi baƙo ba. Na cire na goge na mayar, na sauya masa gurbi, duk ɗaya.

Duk da haka ina son ɗakin nan. Yana da warin ƙarfe mai ɗumi, kuma ba mai shigowa ya yi min jaje da ido. Baba Almustafa, mai gadinmu, shi kaɗai ke leƙowa, shi ma da kofin shayi a hannu. Tsoho ne, ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayarin gishiri kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya ga sarba a buɗe, ya girgiza kai.

"Kin farke mata ciki, 'yata. Ki yi mata sannu-sannu."

Na ce, "Ba ta jin zafi, Baba."

Ya ce, "Haka kowa ke cewa."

Shayin ya yi ɗaci yadda nake so.

Talata, da yamma

Katin shiru. Arewa ma shiru.

Laraba, da azahar

Na kira Abdulhafiz, abokin karatuna na Damagaram, wanda ya aiko da katin. Tun ban gama bayani ba ya katse ni. "Ke ma dai, Nafi! Sarbarku ta haifi katin nan. Ba ta jin yarensa, sai kin sauke mata ɗan shirin da zai koya mata."

To, sauke abu a gidan nan aiki ne. Wuri ɗaya tak rezo, wato sabis ɗin waya, ke da ƙarfi, jikin katangar bayan gida. Nan na tsaya rana na dukana, waya a sama, ina kallon layin yana jan ciki. Husaina mai gabatar da shirye-shirye ta zo wucewa da buta, ta ce, "Madam teknisiyan, layi kike bi ko addu'a kike?" Na ce duka biyun.

Na zuba shirin, na sake kunnawa. Sai ga 'yar fitila koriya tana ƙyaftawa a bayan sarba. Wallahi na taka rawa a ɗakin nan ni kaɗai, har na yi karo da kujera. Ban je gida cin abinci ba, yau ma. Anna za ta yi mita, ta ce na auri ƙarfe.

Alhamis, bayan magariba

Mun je asibiti ni da Anna. Ta ɗauki cuku da ƙwaryar nono, ta yi ta gyara mayafi a hanya kamar mai zuwa gaban alƙali.

Malam Yahaya muka je dubawa, manomin Falanko, mai gonar waken. Na zaci zan tarar da shi yadda aka ce an kawo shi ranar nan. Sai ga shi zaune, kai a naɗe da farin bandeji, yana shan fura da ludayi yana gardama da na kusa da shi kan ko ruwan bana ya ɗauke. Matarsa Tabawa ba ta amsa gaisuwarmu ba. Ban ga laifinta ba.

Ya dube ni, ya ce, "Ke ce yayar tasa? Ta rediyo?"

Na ce ni ce.

"Ina shi ke?"

Na ce ba mu sani ba.

Ya ajiye ludayin. "Raƙuma sun ci wake, gaskiya ne. Ƙanenki ya ɗaga min sanda, shi ma gaskiya ne. Amma ni fa lauje ke hannuna, Allah ne ya sa ya riga ni. Manya sun zauna sun kashe magana. To mi ya rage?"

Abin da ya rage shi ne wannan. Wani mai awaki da ya sauko daga arewa ya gaya wa kawunmu ya ga Rissa a wata rijiya bayan Tenhya. Yana faɗa wa mutane abin da yake zaton ya aikata. Ba zan rubuta kalmar ba. An ce masa mutumin yana raye, ya ce tarko ne ake ɗana masa don ya dawo a kama shi, shi da idonsa ya ga jinin. Kuma yana tambayar ranar da motocin masu haƙar zinariya ke wucewa. A danginmu waɗanda suka hau motocin nan, har yau akwai wanda ko labarinsa ba a ji.

Babu rezo a can. Babu abin da ke kaiwa can sai rediyo.

Anna ta yi tuwo da miyar kuka, ta zuba man shanu ba ƙyashi. Na ci na ƙara.

Asabar, da hantsi

Fitila tana kamawa amma tudu ba ya amsawa. Na bi wayar da hannu tun daga bayan sarba har gindin ƙarfe, lafiyarta lau. Saura sama.

Shef Bashir, shugaban gidan, ya ga ina ɗaura igiya a ƙugu, ya fito da gudu. "Haba Madam, a nemo namiji mana!" Na ce to, ya nemo namijin da ya san jerin launukan wayoyin nan, ni ma in huta. Sai ya ce zai riƙe min ƙarfen. Ƙarfen da aka binne da siminti! Ya dai riƙe, har na sauko yana riƙe da shi.

A sama na tarar da kan wayar ya ƙone ƙurmus, tun aikin tsawa. Na yanke na haɗa sabo. Mata masu zuwa kasuwa sun tsaya suna kallo, wata ta ɗaga murya ta ce, "Ɗiyar Tata, ki gaida mana mala'iku!" Na ce za su ji.

Daga can ana ganin komai. An yi girbi, dammunan hatsi a jere cikin gonaki, rumbuna an buɗe musu kai ana jira. Iska tana da daɗi, ban so saukowa ba. Na jima ina kallon arewa fiye da yadda aikin ke bukata.

Na dawo ɗaki na gwada. Tudu bai amsa ba.

Lahadi, da la'asar

An sallami Malam Yahaya. Yana gidan surukinsa nan cikin gari, don ana wanke masa ciwon lokaci-lokaci. Mun je da Anna, na ɗauki wayata da niyyar in naɗi muryarsa, in hanya ta buɗe mu dinga sakawa kullum.

Anna ce ta hana. A gaban mutane ba ta cika magana da Hausa ba, sai Tamajak, yarenmu, amma yau ta yi. Ta ce, "Matattu ma suna magana a rediyonku. Jiya na ji mawaƙin da ya rasu ina budurwa. Zai ce an ɗauka ne kafin..." Ba ta ƙarasa ba.

Malam Yahaya ya ce, "Gaskiyarta. Zan zo da bakina. In faɗi abin da ya faru cikin gari a ranar, ya san na kwana na tashi."

Tabawa tana daga ƙofar ɗaki tana tsince wake, ta ce, ba da mu ba, "Hatsi dai na gona a yashe." Ya ce ya ji.

Ni da na yi karatun sauti, tunanin nan bai zo min ba. Na ji daɗi da ya zo wa Anna. A hanya ta saya min rake, kamar ina 'yar lakwal mai dawowa daga makaranta.

Litinin, bayan magariba

Na gano. Ranar da fitila ta kama, don ɗoki, na kwafe saitin katin farko kaf na zuba wa na biyu, na sauya lamba ɗaya kawai. Wato na sa su unguwa ɗaya, na ba kowanne ƙofar fita. Sarba in za ta aika saƙo tudu sai ta bi ta situdiyo, ta tsaya tana jiran amsa daga teburin Husaina. Abdulhafiz ya yi dariya har waya ta katse.

Na ba katin arewa unguwarsa daban, irin ta tudu, na toshe ƙofar da ba a bukata. Na aika ɗan saƙon gwaji, wanda ke zuwa ya ƙwanƙwasa ya dawo.

Ya dawo. Tudu ya amsa, ya sake amsawa, layi bayan layi. Na zauna ina kallo ban kashe ba, har Baba Almustafa ya leƙo ya ce ko zan kwana ne.

Gobe Malam Yahaya zai zo.

Talata, da hantsi

Na kunna komai da sanyin safiya, tudu ya amsa. Yau zan je gida cin abincin rana, karo na farko tun da katin ya zo. Anna ta ce dambu za ta yi.

Talata, bayan isha'i

Ban san ta inda zan fara ba.

Malam Yahaya ya zo da sabuwar riga, ya ɗora hula a kan bandeji tana rawa. Mun zaunar da shi gaban makirfo. Sai Husaina ta ƙwala min kira, wai waƙoƙinta sun ɓace, kwamfutarta ba ta ganin sarba. Na ruga baya. Fitilu biyu suna ƙyaftawa lafiya lau, amma situdiyo ba ya amsawa, tudu ba ya amsawa. Na kashe na kunna. Sarba tsohuwa ce, kafin ta gama miƙa ta tashi ka sha shayi ka wanke kofi. Ta tashi, ba abin da ya sauya.

Lokaci yana tafiya, Shef ya ce a fara. Malam Yahaya ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na ubansa da na garinsu. Ya ce yau Talata, kuma yau jakin mai ruwa ya kwance ya shiga masallacin tasha. Ya ce, "Rissa ɗan Tata, ni ne. Ina raye. Ka dawo gida." Muryarsa ba ta yi rawa ba. Duk Tanout ta ji, amma ko taku ɗaya maganar ba ta yi zuwa arewa ba.

Sai da ya fito na gaya masa. Ya cire hular ya riƙe, ya ce, "To, sai gobe."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Dambun ma ya yi daɗi, shi ya fi ba ni haushi.

Laraba, da hantsi

Na kunna da safe, komai yana aiki kamar ba a yi ba.

Abin da muke ta ɓoyewa yanzu duk gari ya sani, kuma ban mutu ba. Mai ƙosai ta ƙara min gyara. Wani dattijo da ban sani ba ya tare ni ya ce, "Allah ya maido shi." Na ce amin. Ashe sunkuyar da kan da nake yi a hanya, ni kaɗai nake abina.

Laraba, bayan magariba

Layin tudu ya sake mutuwa. Malam Yahaya ya faɗa wa Tanout a karo na biyu cewa yana raye.

Alhamis, bayan magariba

Na ce zafi ne, tunda da safe yana yi da yamma ya ƙi. Na jiƙa buhu na rataya a taga, na ɗauko fankar ofishin Shef na kafa wa sarba, shi kuma ya koma gindin dalbejiya da takardunsa yana fifita da kwali. Na je gida da rana, don Anna ba ta cin komai in ba na nan. Na dawo na tarar layin ya mutu.

Na yi wa Husaina tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta kalle ni ta ce, "Na yafe tun kafin ki roƙa." Ta kawo min gyaɗa dafaffiya muka ci a ƙasa.

Juma'a, bayan isha'i

Yau wuni guda tudu yana amsawa, safe har dare. Yau kuma zazzaɓi ya kayar da Malam Yahaya, ko zama ba ya iyawa.

Husaina ta karanta saƙon da Hausa, wani abokin aikinmu ya maimaita da Tamajak. Anna ta saurara a gida, da na dawo ta ce, "Ba zai yarda ba." Na san da haka.

Me ya bambanta yau da jiya? Zafin ɗaya ne.

Asabar, bayan isha'i

Layin ya mutu da yamma. Malam Yahaya bai warware ba, don haka ba a yi asarar komai ba sai haƙurina.

Bayan tasha ta rufe, haushi ya sa na fizge wayoyin biyu daga bayan sarba. Da zan mayar, ban duba ba, na sa ta situdiyo a bakin katin arewa, ta arewa a bakin na situdiyo. Kafin in gyara sai na ga allo ya motsa. Tudu yana amsawa. Situdiyo yana amsawa.

Na zauna a ƙasa. Ashe katunan ba mutuwa suke ba, suna suke musanyawa. Duk lokacin da sarba ta tashi, katin da ya riga farkawa shi take kira na ɗaya, ta ba shi aikin situdiyo. Tsohon katin arewa nawa gare shi, bai taɓa riga kowa ba. Wannan sabon jini ne. Da sanyin safiya na gida, wato na situdiyo, yana riga shi, in ɗaki ya yi zafi shi ke riga na gida. Dalilin haka Abdulhafiz ma ya ce bai sani ba, kuma na ji daɗin jin ya faɗi haka.

Amma suna ba ya sauyawa sai an kashe an kunna. Ni da safe nake kunnawa. Wa ke kashe min sarba da rana?

Lahadi, da la'asar

Na yi sallama da kowa da azahar kamar zan tafi gida, na zagaya na zauna a situdiyo, ƙofa a buɗe kaɗan.

Baba Almustafa ya shigo yana jan ƙafa. Ya buɗe ɗakin baya, ya yi bisimilla, ya zare wayar wuta daga bango. Ya shafa saman sarba da tafin hannu, ya buɗe taga, ya fito.

Na ce, "Baba, me kake yi?"

Ko gezau bai yi ba. "Ina sauke mata kaya. Tun bazara nake yi. Ba a barin dabba da kaya rana tsaka, ko ta wa ce. Ku kuna tafiya ku ci ku kwanta, ku bar ta tana nishi ita ɗaya. In na yi alwalar la'asar sai in tashe ta."

"Ranar Juma'a fa?"

"Juma'a da wuri nake tafiya masallaci. Ranar sai dai ta yi haƙuri."

Na so in yi faɗa, na fasa. Na zaunar da shi na yi masa bayani a hankali, yadda katunan ke musanya suna in an tashe su da zafi. Ya saurara har ƙarshe. Ya ja rawaninsa ya rufe har ƙarƙashin ido.

"Kenan ni na tare wa ɗan Tata hanya."

Na ce a'a. Na ce katin da ba a ɗaure masa suna ba, ko ba shi ba, wata rana ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, za ta yi mana haka, wataƙila a ranar da ta fi wannan muni. Gaskiya na faɗa, ba lallashi ba. Duk da haka bai ɗago ba sai da na ce ya zo ya riƙe min tocila.

Kowane kati yana da lambarsa ta haihuwa a rubuce a jikinsa, wadda ba ta sauyawa. Yana haska min ina kwafewa. Na rubuta wa sarba doka: mai wannan lamba shi ne na gida, mai waccan shi ne na arewa, ko wa ya riga tashi. Muka kashe muka kunna cikin zafin nan, muka sake, muka sake. Kowa ya tsaya a kan sunansa.

Na nuna masa maɓallin da zai taɓa sau ɗaya ta kwanta da kanta, maimakon zare waya. Ya ce, "Kenan ta ci gaba da hutunta?" Na ce ta ci gaba. Batirin sarba ma zai gode masa.

Lahadi, bayan isha'i

Malam Yahaya ya zo, ya rame, hular ta ƙara yi masa yawa. Ya faɗi ranar, ya ce yau an yi sunan jikar limamin unguwarsu, an sa mata Zuhaira. Ya kira Rissa.

Kafin ya gama, wani mai kanti a Tenhya ya kira Shef ya ce, "Kuna fita tar, kamar kuna cikin shagona."

Na gaya wa Anna. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta jima, ta fito ta ce in ci abinci.

Litinin, bayan magariba

Ya zo, ya faɗa. Tudu ya kai.

Talata, bayan magariba

Ya zo, ya faɗa. Yanzu har ya saba, yana gyara makirfo da kansa, yana gaida mutanen Falanko ɗaya bayan ɗaya sai Husaina ta yi masa alama. Wasu sun fara jiran labarin garin da zai bayar. Yau na wata akuya ne da ta cinye takardar mai gyaran babur.

Aikina ya ƙare, kuma ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na share ɗakin baya, na ɗaɗɗaure wayoyi, na rubuta wa kowace sunanta. Babu labari.

Laraba, da la'asar

Tabawa ta zo gidan rediyo da kanta. Ta tsaya a rana, ta ƙi shiga inuwa.

"Ba don in ɓata miki ba. An kusa sakin gonaki, bisashe za su shiga. Hatsinmu na can a ɗaure ba mai kaiwa rumbu, shi ba ya iya ɗaukar ko dami ɗaya. Jibi akwai mota. Za mu bi ta."

Na ce ta yi gaskiya, kuma sun yi mana abin da dangi ma sai a hankali. Ta ce, "Gobe dai zai zo." Ta karɓi ruwan da na ba ta.

Kawu ya ji an ce motocin zinariya kafin ƙarshen makon nan za su wuce. Ban gaya wa Anna ba. Ina jin ita ma ta ji, ba ta gaya min ba.

Alhamis, bayan isha'i

Sai na rubuta wannan tun yanzu.

Ya zo, ya zauna, ya faɗi ranar. Ya ce yau ce ta ƙarshe, gobe zai koma gida. Ya ce, "Rissa ɗan Tata, ni ne Yahaya. Ina raye." Husaina ta buɗe layin masu kira kamar kullum. Mutum na farko cigiyar tunkiya ya bayar. Na biyu ya gaida amaryarsa. Na uku bai yi magana ba. Iska kawai ake ji, da ƙugin injin mota a kusa, da hayaniyar maza.

Husaina ta ce, "Alo, muna jin ka." Shiru. Ta kai hannu za ta katse, na riƙe mata hannu. Ban san lokacin da na shigo situdiyo ba.

Sai wata murya ta ce, "Ya sake faɗa."

Malam Yahaya ya matso da bakinsa. "Ni ne Yahaya na Falanko. Yau Alhamis. Ina raye."

"Baba... kan naka?"

"Yana nan inda ka bar shi. Ya fi sandarka tauri."

Aka ji wani abu tsakanin dariya da kuka. Ya ce tun Lahadi ya ji, ya kasa gaskatawa, ya bar raƙuma wurin wani ya yi ta tafiya har inda waya ke kamawa, wayar ma ta aro ce. Ya ce ga motar zinariya nan an gama lodi, an ce ya hau. Ya ce, "Ban san da wane ido zan dube ka ba."

"Ba kallona na ce ka zo yi ba," in ji Malam Yahaya. "Dammuna na can a gona, kai ka hana ni ɗauka. Ka zo da raƙuma ka kai min su rumbu."

Injin ya yi ƙara, wani yana kiran a hau, a hau. Muna ji ƙarar ta yi nisa, ta yi nisa, har ta ɓace, ya rage iska kawai. Na ɗauka layin ne ya katse.

Sai ya ce, "Raƙuma nawa zan kawo?"

"Duk wanda ya ci waken."

"Dukansu suka ci, Baba."

"To, dukansu."